Furannin Dajin Ƙaraye da Rogo: Lambun da Ba a Kewaye Ba

Idan hunturu ya kankama, an kwashe amfanin gona, wuta kuma ta bi ta kan saura, mai tafiya a ƙasa tsakanin ƙauyukan Ƙaraye da Rogo yakan ci karo da wani abin mamaki. Ƙasa baƙi ƙirin da toka, babu ɗanyen ganye ko ɗaya, amma ga wani fure mai ruwan ƙwai, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro, ya tsago ƙasa ya zauna a kanta kamar wani ne ya ajiye shi. Rawaya ke nan. Ba ta jiran ruwan sama. Saiwarta mai kauri ce ke riƙe mata abinci a ƙarƙashin ƙasa, sai ta fitar da fure tun ganye bai fito ba. Daga wannan saiwa ake samun launin da marina da masu girki suka sani tun kaka da kakanni, kuma a bakin Bahaushe sunan tsiron da sunan launin ɗaya ne.

Amma a tambayi ɗan makarantar sakandare a garin Ƙaraye ya kawo sunan fulawa, da wuya ya ambaci rawaya. A tunaninsa fulawa ita ce wadda ake saye a bakin titi a Kano, a dasa a ƙofar gidan mai kuɗi ko harabar ofis, a riƙa yi mata aski da almakashi. Abin da ya fito da kansa a bayan gari kuwa ciyawa ce, ko haki, ko dai kawai daji. Mun raba kalmomin biyu: fulawa ta baƙi ce kuma abar ado, fure ko huda kuwa namu ne, ba a kallonsa sai don a san ko itace zai yi 'ya'ya bana. Wannan rabon ya jawo mana asara, domin abin da ba a ɗauke shi abin kallo ba, ba a jin zafin ɓacewarsa.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane haka, shi ya sa suke keɓe fili su tara tsirrai, su rubuta wa kowanne suna, su buɗe ƙofa ga jama'a. Lambun Kew da ke Landan tun 1759 yake, kuma ya tara tsirrai daga kowace kusurwa ta duniya. Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Kirstenbosch, a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a 1913 da manufa guda: a raya tsirran ƙasar kanta, ba na ƙetare ba. Yau mutane na biyan kuɗin jirgi daga nesa su je kallon abin da a da makiyayan can ke takawa su wuce.

A nan gida, mutumin Ƙaraye ko Rogo da ke son irin wannan yawon buɗe ido yakan nufi Gidan Zoo na Kano, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma cikakken sunansa ya haɗa da lambun tsirrai, ba dabbobi kaɗai ba. Sai dai mafi yawan masu zuwa ranar sallah zaki da kura da jimina suke nema, ba wanda ke ɗaga kai ya tambayi sunan bishiyar da ya fake a inuwarta. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da nata lambun a Samaru ta Zariya, inda ɗalibai ke koyon sanin tsirrai. Can kudancin jihar Kano kuma ga dajin Falgore. Duk suna da amfani, amma duk sai an hau mota.

Alhali Ƙaraye da Rogo, ƙananan hukumomin nan biyu da dokar masarautun jihar Kano ta 2024 ta haɗa a masarauta ɗaya, suna zaune ne a yankin da ya fi arewacin Kano samun ruwan sama. Daga Rogo taku kaɗan ne zuwa ƙasar Katsina da ta Kaduna. Nan ne itatuwan ƙasar Kano ke haɗuwa da na ƙasar Zazzau: gawo da kuka da aduwa a gefe guda, kaɗanya da ɗorawa da maje da ɗinya a ɗaya gefen. Wanda ya san lokutansu, kusan babu watan da zai fita bai ga wani abu yana huda ba.

A tsakiyar rani, sa'ad da ido ke cewa komai ya mutu, lokacin ne manyan itatuwa ke biki. Gurjiya takan zubar da ganyenta kaf, sai ta cika da jajayen furanni masu kauri kamar an kunna fitilu a kan busassun rassa. A Burkina Faso ana busar da gindin furen nan a yi miya mai yauƙi da shi. Kaɗanya tana fitar da nata farare ƙanana masu ƙamshi, kuma duk mai ɗaura amya ya san cewa idan ta yi huda, zuma ta kusa. Gawo kuwa nasa tsarin dabam ne da na kowa: da damina yana tsaye tsirara, hatsin da ke ƙarƙashinsa na shan rana, sai ruwa ya ɗauke ya yi ganye ya yi fure, ya ciyar da ƙudan zuma da awaki a lokacin da babu mai ciyar da su.

Ɗorawa ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Kafin bazara ta yi nisa, sai a ga jajayen dunƙule-dunƙule suna reto daga rassanta a kan dogayen tsinkaye, kamar tuntun da ake yi wa sirdin doki ado da shi. Kowane dunƙule ɗaruruwan ƙananan furanni ne a haɗe. Da magariba suke fara tsatso ruwa mai zaƙi, kuma babban baƙonsu jemage ne. Yana lasar ruwan, garin furen na manne masa a gashi, ya tashi ya kai wa wata ɗorawar. Ta haka ake samun 'ya'ya. Wato garin ɗorawar da yara ke sha, da kalwar da ake daddawa da ita, da makubar da ake yi wa daɓe, duk akwai hannun jemagen da yara ke jifa da danƙo a cikinsu. Haka abin yake ga kuka. Farin furenta babba da yamma yake buɗewa, ya kwana yana jiran jemage, kashegari ya yanƙwane. Wanda bai taɓa zama gindin kuka bayan la'asar a farkon damina ba, yana iya tsufa bai ga furen bishiyar da yake shan miyarta kullum ba.

Da shamuwa ta sauka, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi. Tsuntsuwar nan tafiyayyiya ce ta gaske: a ƙasashenmu take sheƙa ta yi ƙwai da damina, idan rani ya shigo ta ƙetara zuwa gabashi da kudancin Afirka. Bayan ruwan farko sai ƙasa ta fara fitar da abin da ta ɓoye. Albasar kwaɗi takan ɓullo a wuri mai danshi da manyan furanni farare masu ratsin ja. A cikin kurmi akwai gatarin kurege, mai hawa jikin wasu tsirrai, furensa ja da rawaya a murɗe kamar harshen wuta. Ƙasar Zimbabuwe ta ɗauke shi furen ƙasa, Turawa na sayensa da tsada, mu kuma yana nan a bakin rafi ba mai kula shi. Sai dai a ja wa yara kunne, domin dafi ne da shi tun daga saiwa har ganye.

Sauran na kusa da gida ne, har sun zama 'yan gida. Tafasa da rai-ɗore masu fure rawaya, karkashi mai fure kamar ƙaramar ƙararrawa, gasaya, yaɗiya, lalo. Mata sun fi kowa saninsu, domin a tukunya suke ƙarewa. A kan rassan itatuwa kuma ga kauci da jajayen furanninsa sirara, da ɗan tsuntsun nan mai ƙyalli da dogon baki wanda Bahaushe ya raɗa wa suna sha-kauci, tun kafin wani masani ya rubuta cewa shi ke ɗaukar garin furen.

Ba duk mai kyau ne abin so ba. A ƙarshen damina gonar dawa kan yi shar da wani fure mai launin shunayya, wanda baƙo zai tsaya ya ɗauki hotonsa, manomi kuwa gabansa ne ke faɗuwa. Ƙuduji ke nan, ko wuta-wuta. Yana manne wa saiwar dawa da masara da gero ya tsotse su tun bai fito fili ba. Tsiro ɗaya na zubar da dubban iri ƙanana kamar ƙura, waɗanda ke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran hatsi. Shi ma ya kamata yaro ya san shi da suna, ya san yadda yake aiki.

Sai kuma ruwa. Madatsar Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano, an kammala ta a 1992. Tsayinta mita 42, tsawon bangonta ya kusa kilomita 8, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. An gina ta ne don noman rani da ruwan sha, amma tsuntsaye ba su nemi izini ba. Wanda ya yi sammako zuwa gaɓar ruwa irin wannan zai tarar da zalɓe tsaye cik yana dakon kifi, balbela na bin shanun Fulani, ƙirinjijiya na wucewa garke-garke da fito. A wuraren da ruwa ya kwanta ga bado, farin furensa da dare yake buɗewa, idan hantsi ya dubi ludayi ya rufe. Tsofaffi ba su manta cewa a shekarun yunwa 'ya'yansa da saiwarsa sun riƙe rayuka ba. Madatsar tana da nata laifin: tun da aka tare ambaliya a madatsun Challawa da Tiga, ruwan da ke malala a fadamun Haɗeja da Nguru ya sauya hali, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama a can. Amma a nan Ƙaraye ta samar da wurin kallon tsuntsaye da garuruwa da yawa za su yi fatan samu.

Abin damuwa shi ne lambun nan da Allah ya shimfiɗa yana tsukewa. Buhunan gawayin da ake lodawa zuwa birni daga jikin kirya da marke da kaɗanya suke fitowa, itatuwan da kan ɗauki shekaru da dama kafin su girma. Maganin feshi ya sauƙaƙa wa manomi noma, wannan gaskiya ne, amma ba ya bambanta ƙarangiya da karkashi, kuma gefen gonar da mata ke tsinkar ganyen miya shi ma yana shan nasa rabon. Ana cinna wa daji wuta don a kama gafiya ɗaya, a ƙone sheƙar fakara da ramin bushiya. Gada da barewa sun koma labarin mafarauta. Ko ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta, ta yi ƙarancin da tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Idan kuma aka tashi dashen itatuwa, darbejiya da turare ake rabawa. Darbejiya daga Indiya ta fito, turare daga Ostireliya. Ba wanda zai raina inuwar darbejiya a garin da ke fama da rana, amma ba ta ba da kalwa, ba ta ba da man kaɗe, kuma ba za ta maye gurbin ɗinya ko kanya a bakin yaro ba.

Akwai wata asarar da ba a gani da ido, ita ce ta sunaye. A 1916 wani likita ɗan Sikotlan mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya wallafa littafi guda a kan sunayen tsirrai na Hausa. Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya tattara su. Ilimin na kakanninmu ne, shi rubutawa ya yi. Yau jikokin waɗanda suka faɗa masa suna iya bambanta wayoyin hannu iri goma, amma ba lallai su bambanta taura da tsada ba.

Gyaran bai fi ƙarfin Ƙaraye da Rogo ba. Lambun tsirran gida ba ya bukatar injin ban-ruwa ko ƙwararre daga waje, domin tsirran sun saba da ƙasar da ranarta. Abin da yake bukata fili ne na 'yan kadada, a gaɓar Challawa ko kusa da wata makaranta, da shinge mai hana awaki, da mai gadi, da alluna masu ɗauke da sunan kowane tsiro da Hausa da Fulatanci da kuma sunansa na kimiyya. A bar wani ɓangare ba noma ba feshi, a ga abin da zai fito da kansa. Masu sanin na nan da ransu: sarkin daji da mafarauta, masu maganin gargajiya, masu ɗaura amya, tsofaffin mata masu tsinkar ganye. Su ne malaman wurin. Malaman jami'o'in Kano da Zariya kuma su taimaka da tantancewa da rubutawa.

Kira a nan ga masarautar Ƙaraye ne, da shugabannin ƙananan hukumomin biyu, da shugabannin makarantu: a keɓe filin tun ana samun irin kirya da gurjiya da ɗinya a kusa. Iyaye kuma kada su jira sai an kafa allo. A daminar bana, a kama hannun yaro a fita da shi bayan gari, a nuna masa tsiro goma, a faɗa masa sunan kowanne da amfaninsa.