Dogon Kano zuwa Maraɗi: ta ina shanu za su tsallaka?

A shirinmu na wannan mako mun taɓo batun layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yin sa. Tsawonsa kusan kilomita 284 ne, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.

Irin wannan aiki, jikokinmu ma za su tarar da shi. Dogon da Turawa suka kawo Kano a 1911 har yau yana nan inda suka aza shi. To, haka wannan ma. Inda aka sa tasha, can ciniki zai koma. Inda dogo ya yanke burtali ba a bar mashigi ba, dole garke ya zagaya ta gonakin mutane, ka ga rigima ta tashi ke nan.

Don haka makiyayi ya gaya wa arɗo, ɗan kasuwa ya gaya wa sarkin kasuwa, a kai maganar mashigin shanu da wurin lodin kaya gaban hukuma kafin a gama aikin. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.