Raunin da Fim Ɗin Yaƙi Ke Nunawa Ba Tare da Jini Ba

A shekarar 2004, ɗan jarida Mark Boal ya zauna tare da wata tawagar sojojin Amurka masu kwance bama-bamai a Bagadaza. Abin da ya gani ya zama labarin fim ɗin The Hurt Locker, wanda Kathryn Bigelow ta ba da umarni aka ɗauka a ƙasar Jodan. A 2010 fim ɗin ya lashe kyautar Oscar shida, ita kuma ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar gwarzon darakta.

Jarumin, Sajan William James, wanda Jeremy Renner ya fito a matsayinsa, mutum ne mai taurin kai. Yakan tuɓe rigar kariya mai nauyi, ya cire na'urar jin magana daga kunne, ya durƙusa gaban bam da hannu. Nan ne tsofaffin sojoji da dama suka yi ƙorafi. A aikin gaske, ana fara tura mutum-mutumi mai kyamara, ana tsayawa nesa, ana bin doka daki-daki. Mai yin irin gangancin James ba zai daɗe ba, ko ya halaka kansa, ko ya halaka abokan aikinsa.

Amma fim ɗin ya faɗi gaskiya a wani wuri da babu ƙarar harbi ko ɗaya. James ya koma gida, matarsa ta aike shi ya ɗauko abincin karin kumallo a kanti. Sai ya tsaya cak gaban jerin kwalaye, ya rasa wanda zai zaɓa. Mutumin da ya kwance ɗaruruwan bama-bamai ya sha wahalar zaɓar kwali ɗaya. Ba a jima ba ya koma Iraƙi, domin zaman lafiya ya zama masa baƙo.

Likitoci sun daɗe da sanin irin wannan ciwo da yaƙi ke bari a ƙwaƙwalwar soja. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an ɗauka girgizar igwa ce ke jawo shi. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da shi a hukumance da sunan PTSD. Alamominsa sun haɗa da munanan mafarkai, zabura idan ƙofa ta bugu, rashin barci, saurin fushi, da janye jiki daga iyali.

Mu ma muna da 'yan'uwa sojoji da suka yi shekaru suna bin hanyoyin Borno da Yobe, inda ake binne bam a ƙasa. Idan ɗayansu ya dawo ya zama shiru-shiru, kada a ce ya yi girman kai, kada kuma a tsaya kan cewa iskokai ne. A zauna da shi, a saurare shi, a raka shi wurin likita. Ciwon yana da magani, kuma saurin zuwa asibiti na sauƙaƙa shi.