Daga Nima Zuwa Landan: Yadda Ake Zuba Jari A Ƙwallon Yara

Duk wanda ya shiga Kasuwar Malam Atta da ke birnin Accra a ranar Asabar da rana, zai tarar da samarin da ke tsaron rumfuna sun duƙufa a kan wayoyinsu, suna gardama a kan wane ɗan wasa ne zai ci ƙwallo a Ingila. Da yawansu wasan nan ne suke yi mai suna Fantasy Premier League, wanda aka fara a shekarar 2002, kuma mutane fiye da miliyan 10 suke yin sa a faɗin duniya. Ana ba mutum kuɗin boge fam miliyan 100, ya sayi 'yan wasa 15, ba fiye da uku daga kulob ɗaya ba, sannan ya riƙa samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Idan kakar wasa ta ƙare, sai a share komai a sake sabon lale.

A Amurka kuwa akwai wani nau'in wasan da ba a share shi, wanda za mu iya kira gasar gado. Mutum yana riƙe da 'yan wasansa shekara da shekaru, kuma a kowace shekara ana zama a zaɓi sababbin matasa bi da bi, galibi wanda ya zo na ƙarshe a bara shi ne yake fara ɗauka. A nan dabara takan canza. Wanda ya cika rumfarsa da shahararrun da suka haura shekara 30 zai yi murna a bana, amma badi sai ya ga hannunsa wayam. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan lissafi, domin akwai bambanci tsakanin mai sarin tumatir da dole ya sayar yau, da mai sayen wake da kaka ya ajiye sai bazara.

To, mai karatu, a unguwannin Nima da Maamobi da ke maƙwabtaka da wannan kasuwa, an daɗe ana yin irin wannan zaɓe, amma da yara na gaske da kuɗi na gaske. Ƙananan kulob-kulob na unguwa su ne suke tsinto yaro tun yana buga ƙwallo ba takalmi, kuma sau da yawa aljihun masu rumfuna da mahauta da direbobi ne yake sayen riguna da ƙwallaye da kuɗin mota.

Misalin Kudus

Babu misalin da ya fi na Mohammed Kudus, wanda aka haifa a Nima a shekarar 2000. Ya fara ne da wani ƙaramin kulob na unguwa mai suna Strong Tower, kafin ya shiga makarantar horon ƙwallo ta Right to Dream yana da kimanin shekara 12. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Tom Vernon ne ya kafa makarantar a 1999, kuma mazauninta yana kusa da Akosombo. A 2015 masu makarantar suka sayi kulob ɗin Nordsjaelland na ƙasar Denmark, wato kamar manomi ne ya kama rumfa a babbar kasuwa domin ya daina bai wa 'yan tsakiya amfanin gonarsa.

Can Kudus ya tafi a 2018. A 2020 Ajax ta ƙasar Holan ta saye shi a kan Yuro miliyan 9. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu, Ghana ta ci wasan uku da biyu. A 2023 West Ham ta biya kimanin fam miliyan 38 ta ɗauke shi, sannan a 2025 Tottenham ta biya kimanin fam miliyan 55.

Abin lura shi ne, daga shigarsa makarantar zuwa ranar da aka yi cinikinsa na farko mai tsoka, shekara takwas aka yi ana ciyar da shi, ana koyar da shi, ana yi masa magani. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, amma sai mai jarin da zai iya jira.

Ina rabon kulob ɗin unguwa?

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya FIFA tana da ƙa'idar da ya kamata duk mai taimakon kulob ɗin yara ya haddace. Idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa alhali kwantiraginsa bai ƙare ba, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Ga misali, idan an sayar da shi Yuro miliyan 10, abin rabawa shi ne Yuro 500,000. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana kawo Yuro 25,000, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma tana kawo Yuro 50,000. Kuma duk lokacin da aka sake irin wannan ciniki, sai a sake rabon.

Sai dai akwai ramuka biyu a kan hanyar. Na farko, ƙa'idar ba ta lissafa shekarun da ke ƙasa da 12, alhali a lokacin ne malaman ƙwallo na unguwa suka fi shan wahalar yaro. Na biyu, takarda ce take magana. Tun daga 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Paris da kuɗin yake bi ta cikinsa, kuma yana duba rajistar da hukumar ƙwallo ta ƙasa ta shigar a kwamfuta ne. Kulob ɗin da bai yi rajista da hukumar ƙwallon Ghana ba, ko bai yi wa yaron kati ba, to ko da unguwa duka ta shaida shi ya raine shi, babu ko kwabo. Daidai yake da ɗan kasuwar da ya isa kan iyakar Paga ko Aflao da kaya maƙil a mota, amma babu takardar kwastan.

Abin da ya kamata a duba

Na ɗaya, shekarun gaskiya. Yaron da aka rage wa shekaru yakan fi sa'o'insa ƙarfi a yau, amma girmansa ya riga ya tsaya. Tun gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009 FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu domin gano masu wannan ha'inci, kuma wanda aka kama ya ɓata sunansa da na kulob ɗinsa.

Na biyu, kada a zuba komai a kan yaro ɗaya. A cikin tarin yaran da suke cika filayen Nima da yamma, ƙalilan ne za su ci abinci da ƙwallo, kuma rauni ɗaya a gwiwa yana iya rufe littafin. Saboda haka ne ita kanta Right to Dream take haɗa ƙwallo da karatu, har wasu ɗalibanta sukan samu gurbin karatu a Amurka. Yaron da aka cire daga boko da Islamiyya saboda ƙwallo, an yi caca da rayuwarsa.

Na uku, a yi hattara da dillalan bogi. Dokar FIFA ta hana kai yaron da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa domin ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Don haka duk wanda ya zo wa uba da labarin zai kai ɗansa mai shekara 15 Turai idan aka biya kuɗin biza da jirgi, a tambaye shi lasisinsa da takardar gayyata daga kulob ɗin, kuma a kai su ofishin hukumar ƙwallo a tantance kafin a sayar da fili ko a taɓa jarin rumfa. Kulob na gaskiya shi yake biyan kuɗin gwaji, ba iyaye ba.

Wannan nasiha ta shafi 'yan'uwanmu na Maraɗi da Jibiya da Illela da Ƙonni kamar yadda ta shafi na Accra, domin ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina. Duk Alhajin da yake saya wa yaran unguwa riguna don neman lada, Allah Ya saka masa. Wanda kuma yake fatan wata rana kulob ɗin ya tsaya da ƙafarsa, to kafin ya sayi rigunan bana, ya fara biyan kuɗin rajista, ya tabbatar kowane yaro yana da takardar haihuwa da katin hukuma.