Jiyyar Yaro Mai Sikila Daga Ɗaki Har Aji

Da zarar hunturu ya kama kowace uwa sai ta buɗe akwati ta fito wa 'ya'yanta da rigunan sanyi, shi ke nan ta gama. Amma akwai waɗansu iyaye da in sun ga hazo ya sauko sai gabansu ya faɗi, don sun san kwanan zaune ya zo. Su ne masu 'ya'yan da ke fama da amosanin jini, wanda yanzu kowa ke kira sikila.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance, wata maƙwabciyata ce mai yaro ɗan shekara 8. Ban taɓa ganin mace mai kula da ɗa kamarta ba. Maganinsa ba ya tsallake rana, ruwan wankansa kullum da ɗumi. Ran nan a makaranta yaron ya nemi izinin fita fitsari sau biyu aka bar shi, a na uku malam ya ce wasa ne, ya sa shi tsallen kwaɗo cikin rana, ya kuma karɓe gorar ruwansa. Kafin magariba yaro yana birgima da ciwon ƙafa da baya. Kwanansu 6 a asibiti. Malamin nan ba mugu ba ne, ya zo dubiya yana ta salati. Ba wanda ya taɓa gaya masa kome. Uwar ta ɓoye, wai kada a ji a gari a ce gidansu da ciwo, 'yan matan gidan su rasa miji. To, kun ga wahalar shekara 8 ta tsaya a bakin ƙofar makaranta.

MENE NE CIWON?

A cikin jinin mutum akwai waɗansu jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina cikin jiki. Na mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna kurɗawa cikin jijiya kome ƙanƙantarta, kuma kowace takan yi wajen kwana 120 tana aiki. Na mai sikila kuwa sukan lanƙwashe su yi tauri kamar lauje, ba su wuce kwana 10 zuwa 20 sai su mutu. Don haka kullum jininsa a ƙarance yake, ga saurin gajiya, idanunsa su yi rawaya kamar mai shawara. In kuma laujunan nan suka cushe a jijiya suka tare hanya, sai ciwo ya tashi a ƙashi. Sanyi yana tayar da shi, haka ƙishirwa, da zazzaɓi, da aikin ƙarfi.

Wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana siffar ƙwayoyin nan a rubuce a 1910, amma ciwon ya daɗe a ƙasarmu tun kaka da kakanni, kuma ina kyautata zaton da yawa daga cikin matan da aka riƙa kira masu wabi wannan ne ya ɗebe musu 'ya'ya. A lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2006, ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa, watau AS, ba tare da yana ciwo ba.

Nan ina so dangin miji su buɗe kunne. Yaro ba ya zama mai sikila sai ya gaji irin daga uwa, ya kuma gaje shi daga uba. In su biyun AS ne, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Saboda haka masu cewa ita ta kawo mana ciwo gida su je a auna ɗansu tukuna. Ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci ƙwarya ɗaya ko kwana tabarma ɗaya.

AIKIN UWARGIDA

Jariri yakan yi lafiya lau a watannin farko, don jinin da ya fito da shi daga ciki yana kāre shi. Wajen wata 6 ne sau da yawa za ki ga bayan hannunsa da na ƙafarsa sun kumbura, yana kuka in an taɓa. Kada ki ce sammu ne, kai shi a auna jininsa. In an tabbatar, sai a rubuta sunansa a asibitin masu sikila, ki riƙe katin nan kamar takardar gado.

Likita zai ba ki folik asid na kullum, da maganin tsare zazzaɓin cizon sauro, sau da yawa kuma da fenisilin safe da yamma har ya kai shekara 5, domin saifar yaran nan takan lalace da wuri, ita ce kuwa mai yaƙi da waɗansu miyagun ƙwayoyin cuta. Allurar rigakafi kada ki bar ko ɗaya. Gidan sauro kowane dare, ko da zafi. Amma ruwan maganin ƙarin jini da ake sayarwa a kemis, wanda maƙwabta za su yi ta kawo miki don ƙauna, kada ki ba shi sai likita ya ce. Yawancinsu ƙarfe ne a ciki, shi kuwa ba ƙarfe ya rasa ba, in ma an sha yi masa ƙarin jini ƙarfen yana iya yi masa yawa.

Sai ruwa. Ba ni da maganar da ta fi wannan arha. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran yara, tana zubar da shi ko da jikin yana bukata. Shi ya sa yake yawan fitsari, shi ya sa kuma yakan yi fitsarin kwance har ya girma. Uwar da ta hana shi ruwa da dare don kada ya jiƙa shimfiɗa ta sayo masa ciwo da kuɗinta. Shimfiɗa masa leda ƙarƙashin zane, ki tashe shi sau ɗaya cikin dare, kada kuma ki bari 'yan'uwansa su yi masa waƙar amalala.

In ciwo ya fara, ba shi farasitamol gwargwadon yadda likita ya auna masa, ki yi ta ba shi ruwa ko kunu mai ruwa-ruwa, ki jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ki gasa masa wurin a hankali. Ban da ruwan sanyi, ban da ƙanƙara, ban da tsaga ko ƙaho. Yaron da jininsa bai ishe shi ba, ina dalilin kai shi wanzami ya rage?

Akwai wata dabara da nake so kowace uwa ta roƙi nas ta koya mata, watau taɓa saifa. Tana ƙarƙashin haƙarƙari ta hagu. Wani lokaci jini yakan taru a cikinta farat ɗaya, ta kumbura, yaro ya yi fari fat ya yi laushi, cikin 'yan awoyi sai a rasa shi. A ƙasar Jamaika likitoci sun koya wa iyaye mata lalubar saifa da yatsunsu, mutuwa ta wannan hanya ta ragu ƙwarai. Matan nan ba su fi ku ƙwaƙwalwa ba. Kullum in kin yi masa wanka ki taɓa, ki duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa, har ki san yadda suke ran da yake lafiya.

Ki sayi ma'aunin zafin jiki, bai kai kuɗin turmin atamfa ba. In ya nuna 38 ko fiye, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Haka in yana nishi da ciwon ƙirji, ko ciki ya kumbura, ko ya yi fari, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko maganarsa ta sarƙe. In namiji ne kuma gabansa ya miƙe da ciwo ya ƙi kwanciya har awa biyu, a ajiye kunya a tafi. Waɗannan ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Ku yi wannan shawara da shi tun yau, a ware kuɗin mota a ƙulle a wuri ɗaya.

Maganar karkacewar baki ba tsoratarwa ba ce. In ba a ɗauki mataki ba, wajen ɗaya cikin goma na yara masu SS sukan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20. Amma akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai ta auna gudun jini cikin ƙwaƙwalwa, ba zafi ba allura, ana yi sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad a Kano, da na Barau Dikko a Kaduna, sun gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yaran da awon ya nuna suna cikin haɗari, aka buga sakamakon a 2022, ya nuna maganin yana tsare su. Aikin 'ya'yanmu ne, a kan 'ya'yanmu. Tambayi likitanku wannan awo da wannan magani.

RANAR ZUWA WURIN HEDIMASTA

A Ingila tun 2014 doka ta wajabta wa makarantun gwamnati su yi tanadi domin ɗalibai masu ciwo mai daɗewa. A Amurka makarantu da yawa suna da nas tasu. Mu ma an rubuta manufar kiwon lafiya a makarantu a 2006, amma kowa ya san yawancin makarantunmu na firamare ba nas, wata ma ko randa babu. Saboda haka nas ɗin ɗanki daga safe zuwa azahar malaminsa ne, ko ya sani ko bai sani ba. Gara ya sani.

Farkon kowace shekara ki shirya, ke da maigida in ya samu, ku je ku ga hedimasta da malamin aji tare. Ku roƙi likita takarda ku kai. Kada ku tsaya dogon bayanin jini, ku faɗi abin da kuke so. A bar shi da gorar ruwansa a kan benci. In ya ɗaga hannu zai fita a bar shi, ko sau nawa ne. A bar shi ya sa rigar sanyi da safa bisa kayan makaranta, a kuma kau da shi daga bakin taga. Ban da tsallen kwaɗo da durƙuso cikin rana da ɗiban ruwa. Wasa kam ya yi, yaro ne, amma in ya ce ya gaji a yarda ya zauna. In ya ce ƙafarsa tana ciwo a gaskata shi, domin wannan ciwo ba ya nuna ƙari ko jini. Ku rubuta lambar waya biyu da sunan asibitinsa a manna cikin rajista. Ku kuma je makarantar allo ko Islamiyya ku maimaita, don can ma ana zaman ƙasa da sanyin asuba.

In malam ya ga yaro mai ƙoƙari ya fara mantuwa, rubutunsa ya lalace, kada ya ce lalaci ne, ya aiko gida. Akwai toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa da ba ta karkata baki, a littafin aiki kaɗai ake ganin sawunta, malam kuwa ya riga uwa ganin littafin.

Ku kuma 'yan matan makaranta, musamman na kwana, ku ne kusa da ita in dare ya yi. Kada a tilasta mata wankan ruwan sanyi da asuba, ku taimaka a samo mata na ɗumi. In ta kwanta asibiti ku kwafa mata darasi. In ta ce ƙirjinta, ko kuka ji jikinta zafi rau, kada ku ce bari gari ya waye, ku tashi uwar ɗakin kwana ko da za ta yi faɗa. Ku daina kiranta 'yar ƙashi ko mai jan kwana. Masu sikila da suka sami kulawa suna girma, suna gama jami'a, suna aure suna haihuwa. Ke ma kanki, kin san naki jinin? A Jihar Kano tun 2024 doka ta sa awon jini kafin ɗaurin aure, amma ranar da aka kawo lefe ba ranar sani ba ce. Je ki auna tun kina aji.

Maƙwabciyata dai ta ɗauki mayafinta ta je ta ga hedimasta da takardar likita. Yanzu malamin nan da kansa yake tambayar yaron ko ya sha ruwa, kuma a ajin aka sami wata yarinya mai irin ciwon, wadda uwarta ita ma take ɓoyewa.