Likita A Bakin Waya, Amma Maza Na Jan Ƙafa

A watan Maris na shekarar 1998 ne hukumar lafiya ta Ingila ta fara wani aiki mai suna NHS Direct a yankuna uku, wato Newcastle da Preston da Milton Keynes. Duk wanda jikinsa ya ƙi daɗi, dare ko rana, sai ya ɗauki tarho ya buga, nas ta saurare shi, ta gaya masa ko ya yi magani a gida, ko ya ga likita gobe, ko kuma ya garzaya asibiti nan take. Kafin ƙarshen 2000 aikin ya game Ingila duka.

Mai karatu zai yi tsammanin maza ne za su fi kowa murna. Ai sanin kowa ne namiji ba ya son zaman layi a asibiti, balle neman izini a wurin aiki don ciwon da yake ganin bai taka kara ya karya ba. Ga kuma cututtukan da ake jin nauyin faɗa ido da ido, irin su fitsari da kyar, ko ƙurji a al'aura, ko raunin mazakuta. A waya kuwa ba mai ganin fuskarsa.

To amma da aka duba masu bugowa, sai aka tarar mata sun fi yawa. Wasunsu ma ba don kansu suke bugowa ba, don yara ne, ko don maigidan da ke kishingiɗe a kujera yana cewa ba komai.

Wannan "ba komai" ita ce inda gizo ke saƙa. Nas ba ta da ido a waya, abin da aka gaya mata da shi take aiki. Mutum na iya cewa ƙwannafi ne ke damunsa, alhali ƙirjinsa ya ɗaure, zufa na keto masa, ciwo na sauka hannun hagu. Waɗannan kuwa alamun bugun zuciya ne, masu bukatar lamba 999 ba tare da ɓata minti ɗaya ba.

A 2014 aka rufe NHS Direct, lamba 111 ta maye gurbinta, kuma kiranta kyauta ne. Mai ɗaukar wayar da farko galibi ba nas ba ne, ma'aikaci ne da aka horar, yana bin tambayoyin da kwamfuta ke jero masa. In amsoshin suka nuna haɗari, daga kujerarsa yana iya tura motar asibiti har ƙofar gida.