Tabar Naɗi da Baƙar Giya: Abin da Ke Cikin Wannan Haɗi

A wuraren shan taba na masu hannu da shuni a Amurka da Turai, mutum kan datse kan tabarsa da ɗan almakashi, ya gasa bakinta da ashana sannu a hankali, sannan ya jingina ya shafe awa guda yana busa hayaƙi, ga kofin giya baƙa wuluk a gefensa. Wannan taba ta bambanta da sigarin da aka saba gani a teburin mai shayi. Ganyen taba ne zalla aka naɗe cikin wani ganyen, babu takarda, kuma babba ɗaya kan ɗauki tabar da ta kai ta kwalin sigari guda.

Masu wannan ɗabi'a na da ƙa'idarsu: mai ƙarfi da mai ƙarfi ake haɗawa. Giya mai ruwa-ruwa, in ta gamu da kakkauran hayaƙi, ɗanɗanonta ɓacewa yake yi. Shi ya sa suke neman giyar da aka soya sha'irinta har ya yi baƙi, ya riƙa ba da ɗaci da ƙamshi irin na gahawa da cakulan.

Ita ma tabar sai ta sha wuya kafin ta kai haka. A yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río a Kuba, ana shanya ganyen a rumfuna na tsawon makonni, sannan a jibge shi tsibi-tsibi ya yi gumi, ana juya shi kada zafi ya ƙona shi. Ganyen da ya daɗe a wannan gumi yakan yi duhu ya ɗan yi zaƙi. Da Sifananci ana ce masa maduro, wato nunanne. Shi ake so a sa wa baƙar giya a gefe, zaƙinsa ya kashe kaifin ɗacinta.

Mafi ƙarfi cikin baƙaƙen giya ita ce wadda masana'antun Landan suka riƙa aikawa fadar Rasha a ƙarni na 18, wadda barasarta kan haura kashi 8 cikin ɗari. A Najeriya kuwa, kamfanin baƙar giya na Guinness, da aka kafa a Dublin a 1759, ya buɗe masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a ƙarshen shekarun 1980, masu yin giya a Najeriya suka koma ga dawa da masara, dawar kuwa mafi yawanta daga gonakin Arewa take fitowa.

Sai dai bakin da ke jin daɗin haɗin shi ne farkon mai ɗaukar asara. Masu shan tabar naɗi kan ce ai ba sa haɗiye hayaƙin. Gaskiya ne da yawansu ba sa kai shi huhu, amma nikotin ɗin wannan hayaƙi ta fatar cikin baki yake shiga jini. Gumin nan da ke ba ganyen ƙamshi shi ne kuma ke ƙara masa sinadaran nitrosamin masu haddasa ciwon daji.

Barasa kuma sai ta taya su aiki. Tana sassauta fatar baki, gubar hayaƙin ta samu hanyar kutsawa, jiki kuma ya juya barasar zuwa asitaldihaid, sinadarin da ke lalata ƙwayoyin halitta. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya taba da giya duka a rukuni na ɗaya, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. In aka haɗa su, haɗarin sankarar baki da maƙogwaro da bututun abinci yakan zarce jimillar haɗarin kowannensu shi kaɗai.

Likitocin haƙori kan fara hango alamar: farin tabo a gefen harshe ko gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, galibi ba tare da ciwo ba.