Ramin Soja Da Gaskiyar Siffar Fagen Fama

A cikin wasannin da mu yaran ƙasar Ungogo muke yi har da gina dawaki da mutane da laka. Wasu kuma sukan sayo sojojin roba a kasuwa, su jera su a kan katako, su zuba ƙasa da 'yan itatuwa, su ce ga fagen fama. Ranar baje kolin ayyukan hannu akan ga irin wannan a makarantu. Abin da na lura da shi kuwa shi ne, galibi akan tsayar da kowane soja ƙiƙam a fili, bindiga a kafaɗa, sai ka ce fareti. Ni a ganina wannan ba gaskiya ba ne, domin sojan ƙasa na zamanin bindiga a cikin rami yake yaƙi.

Bari in faɗi dalili. A zamanin da, kakanninmu sama suke gini don su kare kansu. Ga Fanisau nan kusa da mu, inda Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya yi ribaɗi saboda yaƙinsa da Ɗan Tunku. A can ne ma Baturen nan Kilafatan ya same shi a 1824. Lokacin nan ganuwa da ƙaya sun isa su tsare doki da kibiya. Amma ran 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Molan suka fasa Ƙofar Kabuga da igwa, suka shiga Kano. Tun daga nan aka gane duk abin da ya yi tsawo harsashi yana samunsa. Saboda haka soja ya koma ƙasa.

Shekara arba'in bayan haka, dubban 'yan Arewa suka tafi Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sun kara da sojan Japan a kwarin Kaladan da ƙasar Arakan a 1944 da 1945. Duk inda suka ya da zango, kafin a yi maganar abinci sai an yi haƙa. Turawa suna kiran wannan rami da wani suna mai ma'anar ramin yanyawa.

To, wanda yake son siffarsa ta yi kama da gaskiya, sai ya kula da abu huɗu. Na farko, zurfi. Ramin yakan kai hammatar soja in yana tsaye, watau kai da kafaɗu da bindiga kaɗai ake gani. In sojan robarka ya kai tsawon ɗan yatsa, to gaɓa ɗaya kawai za ta leƙo waje. Na biyu, ƙasar da aka haƙo ba a zubar da ita. Akan tara ta a gaban ramin, a daddale ta ta yi kauri don ta tare harsashi, sa'an nan a rufe ta da ciyawa da ganye, gama sabuwar ƙasa tana tona asiri daga nesa. Na uku, akan sa mutum biyu a rami guda, ɗaya ya yi gadi ɗaya ya runtsa. Na huɗu, kada a jera ramuka kusa da juna kamar kunyar gyaɗa. Akan ba su tazara don kada bom ɗaya ya hallaka mutane da yawa, amma ba nisan da wani ba zai iya kare ɗan'uwansa ba.

Haka kuma a kula da tufafi. Jar dara ta ranar fareti ce. A dajin Bama kayan koren ganye suke sawa da malafa, ga adda a ƙugu, kaya kuma a ka. A zuba ɗan ruwa a gindin ramin ya zama taɓo, domin ƙasar ruwan sama ce ƙwarai. Kada kuma a haɗa zamani biyu: in Fanisau kake nufi, gina ganuwa ka sa barade da lifidi, in Bama ce, haƙa rami.

Wani zai ce, ai wasa ne, mene ne na wahala? Amsata ita ce, waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, abin da ya rage sai sunaye irin su Barikin Dalet a Kaduna da Barikin Cindit a Zariya. Idan muka nuna wa ƙannenmu soja tsaye fes a fili, za su ɗauka yaƙi ado ne. Idan kuwa suka gan shi tsugune cikin taɓo, za su san abin da kakanninmu suka sha.

Ina roƙon iyayenmu da suka ji labarin Bama daga bakin tsofaffi su ba mu shi tun bai ɓace ba. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.